Lita Sittin a Rana

Laraba, ƙarfe shida da rabi na safe

Na auna tankin. Tsawo mita uku, faɗi mita biyu, zurfi mita biyu. Na ɗaga murfin na zura sandar labule, ruwa ya jiƙa mita ɗaya da rabi. Lita dubu tara ke nan. Ruwan sama ya ɗauke, ba mai sake ganinsa sai nan da wata biyar. Kwana ɗari da hamsin. Lita sittin a rana, ko cokali ba za a ƙara ba.

Shekara talatin da ɗaya ina koyar da lissafi, sai ga shi ilimina ya ƙare a bakin ramin siminti. Mai Lambu ne ya haƙa shi da hannunsa a bayan gida, ya jona masa indararon rufi. Mai Lambu mijina ne. Ni na laƙaba masa sunan don ya ji haushi, shi kuwa ya rungume shi kamar an ba shi sarauta. Shekara tara yana jan bokiti da igiya, ashirin da safe, goma da yamma, bai taɓa zama ya lissafa abin da yake zubarwa ba. Duk shekara tankin ya ƙafe tun rani bai yi nisa ba, sai ka gan shi tsaye yana leƙen ramin cikin mamaki kamar an yi masa sata.

Bokiti ya ƙare a gidan nan. Likita ne ya faɗa, ba ni ba. Saboda haka bututu zan shimfiɗa, ruwa ya kai kansa gindin kowace shuka.

Yau kwana takwas da faɗuwarsa.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Ɗaki na huɗu, gado na biyu daga taga. Yana nan yadda na bar shi.

Masu dubiya sun cika barandar asibiti, kowa da ledar lemo. Mutumin da ke da bishiyar lemo uku a gidansa, wanda yanzu ko ruwa sai an ba shi da cokali. Su zauna su langaɓe kai, su ce sannu sau goma, sannan su ɓare lemon su shanye da kansu.

Alhamis, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Ƙanin Mai Lambu ya zo gida. Sarkin Shawara nake kiransa a zuciyata. Bai taɓa dasa ko tsinke ba, amma ya zagaya lambun hannu a baya kamar an turo shi bincike.

"Matar Yaya, ramin nan fa cike shi za a yi. A zuba yashi, a shafe wurin duka da siminti, ko don keken..."

"Wane keke?"

Ya yi tari. Ya ce ai dai na gane. Na ce ban gane ba, kuma shayinsa yana hucewa.

Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa yana kaɗa makullin mota. "Wai ni ƙarfe nawa kika same shi ranar?"

"Na riga na faɗa wa likita."

Kowa ya zama malamin lissafi yanzu. Ƙarfe nawa, ƙarfe nawa.

Juma'a, ƙarfe bakwai na safe

Na ja bokiti shida, kafaɗata kamar za ta cire. Duk da haka alayyahu ya kwanta. Raggon ganye.

Asabar, ƙarfe uku na rana

Na zana taswirar lambun a bayan tsohuwar takardar jarrabawa. Fangali takwas ne, 'yan gadajen shukan nan da ya kewaye da bulo: tumatir biyu, barkono, albasa, karas, alayyahu, latas, sai na ƙarshe can jikin katanga, furanni. Lita sittin ba za ta ɗauki kowa ba. Dole wani ya mutu, kuma ni zan zaɓa.

Na raba yadda nake raba maki. Tumatir ashirin. Barkono, albasa da karas goma-goma. Alayyahu da latas su raba goman da ta rage, in sun ga dama su rayu. Bishiyoyin lemo manya ne, su nemi nasu a ƙasa. Furanni ba su da komai. Ba a ci, ba a sha, ba a jefa su a tukunya. Ƙato da furfurarsa ya tsuguna yana yi wa fure magana, ni kuwa in tambaye shi abu sau uku kafin ya ce uhm.

Auta ta kira daga garin da take aiki. Ita kaɗai ke kira kullum. Yayyenta biyu saƙo suke turowa, mai ɗan hoton hannu biyu a haɗe.

"Mama, kina cin abinci kuwa?"

"Ina auna bututu."

"Mama, don Allah ki bar lambun nan. Baba ne fa a kwance, ba tumatir ba."

"Na gode da kika sanar da ni."

Bayan minti goma ta turo min bidiyo. Wani mutum mai fararen haƙora yana huda robar ruwa yana murmushi, wai ban-ruwa a sauƙaƙe. Farcensa fes. Wannan ko lakar tukunyar fure bai taɓa taɓawa ba.

Lahadi, ƙarfe shida na yamma

Ya buɗe ido ya kalle ni. Ya daɗe yana kallona. Na ce bari in nemo ruwan zafi, na fita. Filas ɗin a cike yake.

Litinin, ƙarfe tara na safe

Mai gyaran famfo ya zo. Da ya cire hular kwano sai na ga Sifili ne. Ɗalibina ne shekara ashirin da biyar da suka wuce, bencin ƙarshe, kusa da ƙofa don ya ji daɗin gudu. Yanzu har da tumbi da furfura a gemu. Ya durƙusa ya gaishe ni.

"Malama, ba ki gane ni ba."

"Na gane ka. Kai ne ka ci sifili a aji uku."

"Sau biyu, Malama," ya ce, yana washe baki kamar lambar yabo ce.

Na miƙa masa taswira na yi masa bayani a hankali, yadda ya dace da shi. Ƙaramin inji mai sola zai ɗaga ruwa daga tanki zuwa duro a kan ƙafafun ƙarfe, nan kusa da tankin. Daga duro bututu ya gangara, fangali bayan fangali. Ya riƙe takardar a juye, sannan ya juya ta daidai. Ya ciro wani dogon siririn tiyo mai garai-garai daga buhunsa, ya cika shi da ruwa, ya ba ni baki ɗaya in riƙe a wurin tanki, ya ja ɗayan har katanga. Ya yi alama da alli can, ya dawo ya yi nan.

"Malama, wajen katanga ya fi nan tudu da kusan taƙi biyu. In duro ya zauna a nan, tumatir zai nutse, na can baya sai dai su ji labari. Can za a kai shi."

Na ce idona gangare ya nuna min. Ya ce shi ma haka nasa ya nuna masa, shi ya sa yake yawo da tiyo.

Bai tsaya nan ba. Ya zura sandata a tanki har ƙasa, ya zaro, ya nuna min gindinta. Baƙar laka, santimita talatin. Shekara tara ba a taɓa yashe ramin ba. Wato ruwan mita ɗaya da santimita ashirin ne. Lita dubu bakwai da ɗari biyu. Arba'in da takwas a rana. Ni na fitar da wannan, da ka, kafin ya gama buɗe baki. Wannan dai bai ƙwace min ba.

Sai ya ce zai sa famfo mai dogon mariƙi, wanda ake turewa, ba mai murɗawa ba. Ya sunkuya yana naɗe tiyonsa.

"Malama, wane hannun maigida ne mai aiki?"

Wa ya gaya masa? Unguwar nan ka yi atishawa a banɗaki, kafin ka fito an yi maka sannu a bakin titi.

Na ce hagu.

Talata, ƙarfe bakwai na safe

Ba na son Talata. Ban fita bayan gida ba.

Talata, ƙarfe tara da minti goma

Na fita.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

Likitan nan mai takalmi mai ƙara ya zo da ɗalibansa suka kewaye gadon. Yana musu bayani da Turanci, ya ɗauka tsohuwar da ke kujera ba ta ji. Wai a irin wannan ciwon na shanyewar ɓarin jiki awannin farko su ne komai. Wai da an iso da wuri akwai allurar da ake yi. Wata mai tabarau ta rubuta. Na leƙa rubutun nata, kamar kaza ta bi ta kan takarda. Waɗannan ne za su riƙe ran mutane.

Na gyara masa matashi. Ya kawar da kai wajen taga.

Alhamis, ƙarfe takwas na safe

Na sake rabo a kan arba'in da takwas. Latas ya faɗi. Na cire wa karas biyu, na cire wa tumatir biyar. Alayyahu ya tsira da biyar ɗinsa, ba don halinsa ba.

Ruwan wanke-wanke dole a zubar da shi wani wuri. Jikin katanga na kai shi. Da nisa, amma an ce tafiya tana da amfani ga masu shekaruna. Ba don furannin ba ne.

Asabar, ƙarfe goma sha biyu na rana

Tun safe muna huda bututu ni da Sifili. Shi yana gasa ƙusa a wuta yana hudawa, ni ina auna tazara, santimita talatin-talatin, don in na bar shi sai ya yi da ido. Mai walda ya kawo ƙafafun duro, ɗaya ta fi sauran gajarta. Na nuna masa da rula. Ya ce ƙasa ce ba ta miƙe ba. Na ce ai shi ma bai miƙe ba, amma uwarsa ba ta ɗora wa ƙasa laifi ba. Ya mayar ya gyaro.

Muna cikin haka maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Ban san a kan me take tsayawa ba, amma shekara goma sha biyu abin bai karye ba.

"Malama, sannu da ƙoƙari. Ya mai jiki? Ni fa ranar nan na ji kamar ana kira ta bayan nan. Har na ce ko in leƙo, sai na ce ai kina ciki."

"Ina ciki."

"Ai shi ne. Na ce ai Malama tana ciki."

Sifili bai ɗago ba. Na ɗauki ƙusa ta wajen da ke da zafi.

Lahadi, ƙarfe bakwai na safe

Yatsa ya yi bororo. Alƙalami ba ya riƙuwa.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

An gwada. Inji ya yi gurnani, duro ya cika, Sifili ya ture famfo yana kallona kamar mai jiran sakamako. Minti biyu ruwa yana ɗiga a gindin tumatir, sai ya tsaya cak. Laka ta toshe hudojin gaba ɗaya.

Na ce, "Sau uku ke nan."

Ya sosa ƙeya. Ya ce matatar ruwa ya manta, sai jibi zai samo. Na shiga kicin na ɗauko rariya da tsohon ɗankwalina mai shara-shara. Muka ɗaure a bakin duro, muka bi hudojin da allura ɗaya bayan ɗaya, ɗari da goma sha huɗu. Ruwa ya tafi. Kowace shuka da ɗan baƙin da'irarta na laima a gindi, ba ɗigo ɗaya a kan hanya.

Na ce wa Sifili ya matsar da bututun gefe, hanyar tsakiya ta zama santimita tamanin. Bai tambayi dalili ba. Na auna keken guragun a asibiti jiya, faɗinsa sittin da biyar ne.

Laraba, ƙarfe goma na safe

Ina shanya na ji ƙarar babbar mota a ƙofar gida. Tifa ce cike da yashi, Sarkin Shawara yana yi wa direba hannu, baya-baya, kamar shi ya ƙera motar. Ga lebura biyu da shebur a kafaɗa.

Na ɗauko kujerar roba na ɗora a kan murfin tanki na zauna.

"Matar Yaya, mun yi magana da dangi. Kowa ya yarda."

"Dangin bokiti nawa suka taɓa ja a nan?"

"Ramin nan ne ya kayar da shi."

"Hawan jini ne ya kayar da shi. Gadon gidanku ne. Kai ma ka je a auna ka, ga wuyanka nan ya fi na bara."

Leburorin suka yi dariya. Fuskarsa ta canja. Ya matso kusa, ya rage murya.

"Da kin damu da shi haka ranar Talata, da yanzu da ƙafarsa yake yawo."

Na sunkuyar da kai. Ni da ba a taɓa rufe min baki a ɗakin malamai ba.

Sifili ne ya sauko daga wajen duro, sifana a hannu. Cikin ladabi ya ce, "Ranka ya daɗe, aiki nake yi a nan, kuma matar gidan ce ta sa ni. In za a zuba yashi, a bari mai ramin ya dawo ya faɗa da bakinsa."

Suka tafi da yashinsu. Na zauna a kujerar har rana ta take tsaka. Sifili ya kawo min ruwa a kofi ya ajiye, bai kalle ni ba. Sakarai. Har yau bai iya lissafi ba. A gidan nan ba ni ce ya kamata a kare ba.

Alhamis, ƙarfe bakwai na safe

Arba'in da takwas.

Juma'a, ƙarfe bakwai na safe

Arba'in da takwas. Ban je asibiti jiya ba. Na ce kaina ke ciwo, kuma wa zai ce ba ya yi.

Asabar, ƙarfe biyu na rana

Auta ta iso da akwati biyu kamar mai ƙaura. Ta zagaya lambun da takalmi mai tsini, ta huda min hanya a wuri bakwai. Ta tsaya a gaban duro.

"Mama, ke kika yi wannan?"

"A'a, mutumin bidiyonki ne ya zo."

Ta yi dariya, sai dariyar ta tsaya a hanya. "Baffa ya kira ni. Ya faɗi wata magana. Mama, me yake nufi?"

"Ki tambaye shi, ai yana da baki har ya yi masa yawa."

Ta kalle ni irin kallon ubanta, mai tsawon nan. Ba ta sake tambaya ba. Ta shiga kicin ta yi girki, ta zabga gishiri kamar da gayya. Na cinye.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Ya fara magana. Ya ce wa nas "ruwa", ta yi tafi kamar ya ci gasa. Mutumin da ke karanta jarida tun daga kanun labari har tallan ƙarshe, yau ana yi masa tafi a kan kalma ɗaya. Ya ce wa Auta "zauna". Ya ce wa mai shara "sannu".

Ni ina nan a kujerar tun ƙarfe biyu.

Laraba, ƙarfe takwas na safe

Tumatir ya yi fure. Barkono ya miƙe. Alayyahun nan ma ya tashi, mara kunya. Jibi za a sallami Mai Lambu.

Sarkin Shawara ya turo saƙo wai in yi haƙuri, ɓacin rai ne. Ya rubuta haƙuri ba daidai ba. Ban amsa ba. Ƙarya bai yi ba, balle in ce ya janye.

Juma'a, ƙarfe shida na yamma

Mun dawo da shi da hantsi. Ya yi barci har la'asar. Da ya farka Auta ta tafi kantin magani, sai na tura shi bayan gida. Keken ya bi hanyar tsakiya bai taɓa bututu ko ɗaya ba.

Ya duba fangali ɗaya-ɗaya. A wurin latas, inda ba komai sai busasshen kara, ya yi wani sauti a maƙogwaro. Na ce lissafi ne ya kashe shi, ba ni ba. A jikin katanga ya daɗe yana kallon furanni, na tura keken gaba da sauri.

Na tsayar da shi a gaban duro. Ya ɗaga hannun hagu, ya zame. Ban taimaka ba. A karo na biyu ya ture mariƙin. Muka ji ruwa yana gudu a cikin bututu, sannan ƙasa ta fara yin baƙi a gindin barkono.

Na zagayo gabansa na tsuguna, gwiwoyina suna ƙara. Ban shirya ba. Bakina ne ya buɗe.

"Ranar nan na ji ka. Ina kicin. Na ɗauka bokiti kake so in miƙo maka, kuma ina fushi da maganar da muka yi da safe. Na ce ka yi ta kira. Sau uku ka kira ni."

Ya daɗe yana haɗa bakinsa. Gefe ɗaya yana motsi, ɗayan ya ƙi. Yawu ya zubo, ban goge ba, don kar in katse shi.

"Huɗu," ya ce.

Huɗu ne. Na ƙirga a ranar, kuma ba safiyar da ban sake ƙirgawa ba. Ko a gabansa, a tsugune, sai da na rage ɗaya.

Na ce, "Huɗu ne."

Ya gyaɗa kai. Ya saki famfon, ya lalubo hannun rigata ya damƙe. Bai ce ya yafe ba, ni ma ban roƙa ba. Haka Auta ta dawo ta same mu, ni a tsugune ƙafata ta mutu, shi riƙe da rigata yana kallon ruwa yana shiga ƙasa.